Rage lokacin auna asid na abinci da magani a HPLC: shin sai an sayi sabuwar na'ura?

Tambaya: Wata ƙanwata da ke aiki da HPLC, na'urar da ke rarrabe sinadaran da ke cikin ruwa ta auna kowanne, a ɗakin gwaji na wani kamfanin lemo a Sharaɗa ta rubuto mini cewa: "Malam, muna auna asid ɗin sitirik, malik, tatarik da bitamin C a zoɓo, da lemon tsamiya, da lemon kwalba. Wani lokaci kuma a kawo mana gishirin ORS ko ƙwayar magani a ce mu duba. Kolom ɗinmu, wato bututun da ke rarrabe sinadaran, C18 ne, tsawo milimita 250, faɗi 4.6, ƙwaya maikron 5. Bafar fosfet, ruwan da ke riƙe tsami daidai, muke korawa da ita, pH 2.5, mililita 1 a minti, ditekta a nanomita 210. Zubi ɗaya, wato gwajin samfur guda, minti 30 yake ci. Samfur 24 sai ya cinye mana awa 12 ban da sitanda, wato ruwan da aka san adadin asid ɗinsa, ga wuta ba ta zama. Manaja ya ce in nemo farashin UHPLC, irin HPLC mai matsi da sauri sosai. Ita ce mafita?"

Amsa: Ƙanwata, dakata da maganar farashin nan tukuna. Muddin famfon na'urarku yana ɗaukar matsin bar 400, kamar yadda yawancin HPLC suke, ina kyautata zaton za ki sauko da minti 30 ɗin nan zuwa wajen minti 8 ko 10 da kuɗin kolom ɗaya da 'yan ƙananan kaya. Amma akwai sharaɗi, kuma a kansa duk maganata za ta tsaya: sauri a wannan aikin saye ake yi, kuma kuɗin da ake biya shi ne tazarar da ke tsakanin pik da pik, wato tsinin da kowane sinadari ke zanawa a takardar sakamako. Sai kin san nawa kike da ita kafin ki fara kashewa.

Saboda haka gobe da safe, kafin ki taɓa komai, fitar da takardar sakamakon sitanda mai ɗauke da dukkan asid ɗin a haɗe, da ta zoɓo ɗaya, ki ajiye su gefe da gefe. Lamba biyu nake so ki kewaye da biro. Ta farko, a minti na nawa pik na ƙarshe da kike buƙata ya fito. Ta biyu, waɗanne pik biyu ne suka fi kusa da juna, kuma nawa ne Rs ɗinsu, wato ma'aunin rabuwarsu. A kan C18 da bafa mai tsami, jerin fitowar yakan kasance okzalik a gaba, sai tatarik, malik, askobik wanda shi ne bitamin C, laktik, asetik, sannan sitirik, suksinik da fumarik a baya. Cunkoson yana gaba, wajen malik, askobik da laktik, domin waɗannan asid ɗin son ruwa suke, da ƙyar kolom yake riƙe su. Idan Rs na biyun da suka fi matsuwa ya kai 3, kina da rarar da za ki kashe. Idan 1.6 ne, ba ki da ko kwabo, kuma duk gajarta kolom da za ki yi ba tare da rage girman ƙwaya ba sai ya haɗe su. Ƙa'idar ita ce 1.5 a ƙalla, ni kuma ba na sakin tsari ga ma'aikata sai ya kai 2, saboda kolom yana tsufa.

Ina da tabbacin pik ɗinki na ƙarshe ya riga minti 30 fitowa da nisa. To me ake jira a sauran lokacin? Wani sa'in babu komai, an dai kwafo lambar daga wata takardar bincike aka ci gaba da bi. Wani sa'in kuma wanda ya tsara ya ga wani abu da bai rubuta ba. Wannan na biyun ya taɓa cin mu. A wani ɗakin gwaji da na yi aiki, mun rage lokacin zubi zuwa rabi saboda mun ga babu abin da ke fitowa bayan sitirik. Kwana biyu lafiya lau. Ran na uku sai sakamakon sitirik na wani lemo ya haura abin da aka zuba a tukunya, abin da ba zai yiwu ba. Da na ƙara girman hoton a kwamfuta, sai na ga pik ɗin sitirik siriri yana zaune a kan wani faffaɗan tudu, kamar kunyar gona da ruwa ya zaizaye. Muka zuba ruwa zalla muka bar na'urar tana gudu, sai ga tudun ya sake fitowa alhali ba mu sa komai ba. Saura ne daga samfuran baya, masu nauyin tafiya, da ke maƙale a kolom suna jan ƙafa har suka fito a zubin wani. Ruwa ba ya tsami banza. Alamar da za ki riƙe ita ce wannan: duk pik ɗin da ya fi maƙwabtansa faɗi sosai, ba na wannan zubin ba ne.

Samfuranki kuwa cike suke da irin waɗannan baƙin. Jan zoɓo daga sinadaran antosayanin yake, kuma suna manne wa C18. Lemon kwalba yana da benzoyet ko sobet, waɗanda bafa zalla ba ta iya koro su da wuri. Hanya biyu ce. Ko ki riƙa wanke kolom da asetonaitiril bayan kowane zubi, sannan ki jira ya koma daidai, wanda yakan buƙaci ruwa kamar ninki 10 na cikin kolom. Cikin kolom ɗinki na 250 wajen mililita 2.5 ne, ke nan mililita 25, minti 25 cur, kin koma gidan jiya. Ko kuma ki tare baƙin tun a bakin ƙofa: ki bi da samfurin ta ƙaramin katirij na C18 irin na yarwa, launin ya tsaya a sama kina kallo, ruwan ya sauko kusan fari da asid ɗinsa. Na fi son ta biyun. Sai dai ki gwada da sitanda ki tabbatar sitirik da fumarik suna fitowa duka, don sukan ɗan tsaya. Ki bi katirij ɗin da ɗan bafa ki haɗa da na farko. Wankin kolom kuma ki mayar da shi sau ɗaya bayan samfur 10 ko a ƙarshen yini. Benzoyet da sobet ki ba su nasu tsarin daban mai metanol a ciki, a nan cikin 'yan mintuna suke fitowa.

Yanzu kolom, inda mafi yawan ribar take. Ƙarfin rarrabewar kolom yana tafiya ne da tsawonsa a raba da girman ƙwayar da aka ɗura masa. Naki milimita 250 a kan maikron 5, lissafin ya ba da 50,000. Kolom mai milimita 150 da ƙwaya maikron 3 shi ma 50,000 ne daidai. Ke nan rabuwa ɗaya, amma hanyar ta ragu da kashi 40 cikin 100. Pik ɗin da ke fitowa a minti 14 zai fito a wajen minti 8 da rabi ba tare da kin taɓa gudun famfo ba. Sannan ƙaramar ƙwaya tana jure gudu. Wannan shi ne abin da van Deemter da abokan aikinsa suka bayyana tun 1956: kowane kolom yana da gudun da ya fi yi masa kyau, kuma idan ƙwaya ta ƙanƙance, wannan gudun yana ƙaruwa, asarar da ake yi idan an wuce shi kuma tana raguwa. A lissafi za ki iya ɗaga gudun daga mililita 1 zuwa wajen 1.6, pik na minti 14 ya dawo minti 5. Abin da za ki biya shi ne matsi. Idan yanzu kina ganin bar 100, sabon kolom a gudu ɗaya zai nuna wajen 167, a gudu mai sauri kuma wajen 270. Duka suna ƙasa da 400, amma idan famfon ya kwana biyu ba a canja masa robobin sil ba, tsaya a 1.3 ki ga yadda zai yi.

Akwai kuma kolom mai ƙwayar da cikinta a toshe yake, samanta kawai ke da huji. Tsohuwar ƙwaya kamar soso take, sinadari ya shiga can ciki ya ɓata lokaci kafin ya fito, pik ya buɗe. Wannan kuwa kamar goruba ce, ƙwallo mai tauri a ciki, ɗan nama a sama. Shiga da fita ba nisa. Irinsu Halo mai maikron 2.7 da Kinetex mai 2.6 ke nan. Suna ba da rabuwa kusa da ta ƙwayar UHPLC da ke ƙasa da maikron 2, da wajen rabin matsinta, shi ya sa suke aiki a tsohuwar na'ura. Mai milimita 100 da faɗin 4.6 shi nake ba mutane shawara idan suna da rarar tazara. Amma ki lura da abu ɗaya a nan, don asid ɗinki ba irin na kowa ba ne: saman wannan ƙwayar bai kai na soso yawa ba, riƙonta ya fi sauƙi, ga okzalik da tatarik da ma da ƙyar ake riƙe su. Idan tatarik na tsamiya shi ne babban aikinki, 150 mai maikron 3 ya fi aminci.

Ko wanne kika zaɓa, ki tabbatar an rubuta cewa yana jure ruwa zalla. Galibi za ki ga AQ ko makamancinsa a sunan. C18 na gama-gari ba ya shiri da ruwa. Idan ana korawa da bafa ba digon metanol, muddin famfo na aiki matsi yana danne ruwan cikin hujin ƙwaya, amma da zarar ya tsaya sai hujin ya tofar da ruwan. A tayar da na'ura, a ga dukkan pik sun ruga gaba sun cunkushe, a ce kolom ya mutu. Bai mutu ba, wanki da metanol ko asetonaitiril mai yawa zai dawo da shi. Amma ki duba halin da muke ciki a Kano, inda wuta za ta iya ɗaukewa sau uku kafin azahar. Kowace ɗaukewa tsayuwar famfo ce. Na ga wurin da aka jefar da kolom biyu masu lafiya saboda wannan, kuma abin ya yi mini ciwo, don da dala ake sayo su. Ko ba a sayi komai ba a bana, a sa wa famfo da ditekta da kwamfuta inbata da batir.

Idan kin sa gajeren kolom kika ga pik bai yi sirantar da takardar kamfani ta nuna ba, kada ki zargi kolom. Dubi bututun da ke tsakanin allura da kolom, da wanda ke tsakanin kolom da ditekta. Tsofaffin na'urori da yawa suna ɗauke da shuɗin bututun PEEK mai hujin milimita 0.25, an naɗe shi kamar igiyar guga. Canja shi da ja mai hujin 0.13, ki yanke shi gajere iya yadda zai kai, yankan ya miƙe, ki tura shi har ƙarshen mazauninsa kafin ki ɗaure. Rabin faɗi yana nufin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da ke ciki. Rage yawan zubi daidai da girman kolom: idan maikrolita 20 kike yi, koma 12 a kan mai 150, ko 8 a kan mai 100. Sannan shiga saitin ditekta. Pik ɗin da a da yake ɗaukar sakan 30 yanzu wajen sakan 11 ne a kan mai 150, ƙasa da haka a kan mai 100, kuma ana son a ƙalla ɗigo 15 zuwa 20 a kansa, don haka ɗaga saurin karatu zuwa 10 a sakan, ki rage lokacin amsawa. Wannan gyaran kyauta ne, minti biyu, amma shi aka fi mantawa. Haka ma na'urar ɗiban samfur: wankin allura da ɗiba sukan ci minti ɗaya ko biyu tsakanin zubi da zubi. A zubin minti 30 ba a ji, a na minti 6 ya zama kaso mai tsoka. Idan manhajarku tana da zaɓin ɗibar samfur na gaba tun na yanzu bai ƙare ba, kunna shi.

Zafi shi ma yana taimakawa, kuma mu a nan dole ne ma mu kula da shi. Kaurin ruwa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu daga digiri 25 zuwa 40, matsi ya sauka daidai da haka, ki sami damar ƙara gudu. Amma babban dalilina ba wannan ba ne. Tandun kolom da yawa dumamawa kawai suke iyawa, ba sa sanyayawa. Idan tsari ya ce digiri 25, a watan Afrilu, iyakwandishan ya mutu, ɗaki ya kai 36, to kolom ɗinki a 36 yake ko me allon ya rubuta. Da sanyin hunturu kuma da safe ya koma wani abu daban. Shi ya sa lokacin fitowar pik yake yawo tsakanin safe da la'asar. Gwada 35 da 40, ki zaɓi wanda ya fi ƙarfin zafin ɗakinku, ki tsaya a kai. Ki riƙa duba biyun nan da suka matsu a kowane gwaji, domin zafi ba ya matsar da dukkan asid daidai wa daida, kuma yana rage riƙo.

Maganar pH ba ta sauri ba ce kai tsaye, amma duk tsarin da pik ɗinsa ke yawo sai an maimaita zubi, maimaici kuwa shi ne ɓarawon lokaci na gaske. Ana son pH ya yi ƙasa sosai da pKa na asid, wato pH ɗin da rabinsa ke ɗaukar caji, don ya zauna ba caji, kolom ya riƙe shi. Asetik mai 4.76 da laktik mai 3.86 ba su da matsala a 2.5. Amma sitirik 3.13 ne a matakin farko, tatarik wajen 3.0, okzalik kuwa wajen 1.25. Ba za ki iya sauka ƙasa da 2 ba, don yawancin kolom na silika a nan suke fara zubar da C18 ɗinsu. Ke nan a 2.5 kina kusa da gaɓa, kuskuren 0.1 yana motsa tatarik da sitirik. Ki auna giram 2.72 na gishirin KH2PO4 a lita ɗaya, wato milimola 20, ki sauko da shi da asid ɗin fosforik, ki rubuta adadin da ya ci, kullum a zuba daidai wannan. Na fi yarda da sikeli da fifet a kan mitar pH da ta yi wata ba a saita ta ba. Bafar fosfet a zafinmu ba ta kwana uku, ƙwayoyin cuta suna tsirowa a ciki su toshe kolom, don haka a haɗa sabuwa a tace. Ruwan kuma ya zama mai megohom 18.2, a nanomita 210 duk dattin ruwa sai ya nuna kansa, kuma da ƙurar hunturu kada a bar kwalba a buɗe.

Wataƙila wani ya ce miki ki koma kolom na resin, irin Aminex HPX-87H na Bio-Rad ko Rezex ROA na Phenomenex. Suna da kyau ƙwarai, musamman ga nono, kindirmo, kunun zaki da duk abin da aka tsima, inda laktik da asetik suke da sukari da barasa a wuri ɗaya. Ruwan korarsu ma ya fi sauƙi: asid ɗin salfiyurik milimola 5, wato wajen mililita 0.28 na mai ƙarfin a lita ɗaya, ba fosfet ba toshewa. A can jerin ya sha bamban, sitirik a gaba yake, sannan tatarik, malik, suksinik, laktik, asetik kuma wajen minti 15 a gudun 0.6 a kan mai milimita 300. Sai dai resin laushi gare shi, ba a matsa masa. Saurinsa daga zafi yake zuwa, digiri 50 zuwa 65, kuma ana farawa da gudu kaɗan har ya yi ɗumi, in ba haka ba ya danne, shi ke nan. Akwai gajerensu mai milimita 100 ga wanda asid biyu ko uku kawai yake nema. Ga aikinki ban ga dalilin komawa ba: sitirik da tatarik suna matsuwa a kansa, malik yakan fito tare da sukarin furuktos wanda lemo ke cike da shi, bitamin C kuma ba ya son wannan zafin.

Tun da na ambaci bitamin C: iska, haske, zafi da ɗan ƙarfe duk suna cinye shi. Samfurin da ya yi awa 12 a layi cikin ɗaki mai zafi, abin da za ki auna a ƙarshe ba shi ne abin da ke cikin kwalba ba. A nan sauri da daidaito hannu ɗaya suke. Ki tsarma shi da asid ɗin metafosforik, a ƙaramar kwalba mai duhu, a tire mai sanyi idan akwai, ki sa shi a farkon layi, ki karanta shi a wajen nanomita 245 inda kusan ba a ganin sauran asid ɗin. Haka asfirin yake: a cikin ruwa yana warwarewa ya koma salisilik da asetik, abin da ke sa tsohuwar ƙwayar da ta sha zafi da laima take warin binega. Idan ya daɗe a layi, ke da kanki za ki ƙirƙiri gurɓacin da kike aunawa, ki kayar da maganin da ba shi da laifi. Wani abin lura kuma, fumarik yana shan haske a 210 fiye da 'yan uwansa ninkin-ba-ninki, ɗan kaɗan ne zai ba ki ƙaton pik, kada ya firgita ki.

Shirya samfur kuwa, ki sa agogo ki gani, sau da yawa ya fi zubin kansa cin lokaci. Ga lemo da zoɓo, ban da katirij ɗin nan, ba a buƙatar dogon aiki: a fitar da gas a wankan sauti, wato na'urar ultrasonic, a tsarma sau 10 ko 20 da bafar kanta, a tace. Tsamiya tana da tatarik da yawa, ta fi haka buƙatar tsarmi. Matatar maikron 0.45 ta isa ga tsohon kolom, amma ga ƙaramar ƙwaya ki koma 0.2, ki zubar da ɗigon farko. Ki sa ɗan kolom na gadi a gaba, shi zai sha dattin, kuma canja shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sannan ki tambayi kanki ko dukkan samfur 24 ɗin nan suna buƙatar HPLC. Idan abin da masu tukunya ke son sani shi ne ko tsamin ya yi daidai, titireshan, wato ɗiga sodar NaOH mai mola 0.1 har tsamin ya ƙare, ya isa, cikin minti 5. A zoɓo ja yana ɓoye canjin launi, sai a bi da mitar pH har 8.1. A bar wa HPLC aikin da ita kaɗai ke iyawa, wato faɗin wane asid ne da nawa ne.

Magani kuma dokarsa daban, a nan ina so ki natsu. Tsarin lemo naku ne, kuna iya gyara shi ku tabbatar da shi ku rubuta. Amma idan ana bin tsarin kundin magunguna ne, USP ko BP, ko wanda aka yi wa magani rajista da shi a NAFDAC, akwai iyakar da aka yarda a taɓa. Babi na 621 na USP, wanda sabon fasalinsa ya fara aiki a Disambar 2022, ya yarda a canja tsawon kolom da girman ƙwaya muddin lissafin nan na tsawo a kan ƙwaya bai sauka da fiye da kashi 25 ba, bai kuma hau da fiye da kashi 50 ba, kuma nau'in abin da aka ɗura bai canja ba. Daga 250 mai 5 zuwa 150 mai 3 kina ciki daram. Zuwa 100 mai 2.7 lissafin ya ba da wajen 37,000, alhali iyakar ƙasa 37,500 ce. Kin fita da ƙiris, sai dai ki bi ta ɗaya ƙofar da babin ya buɗe wa ƙwaya mai toshiyar ciki, ki nuna da awo cewa adadin faranti na kolom, wato ma'aunin ƙarfin rarrabewarsa, yana cikin wannan iyakar. Duk abin da ya wuce haka sabon tsari ne, sai an yi masa cikakken tabbatarwa bisa ƙa'idar tabbatar da tsarin awo ta ICH Q2. ORS kuwa aikinsa da sauƙi: a haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi akwai giram 2.9 na gishirin sitiret a lita, tare da gulukos giram 13.5 da wasu gishiri iri biyu. Asid ɗaya ne tal, gishirin a gaba suke wucewa, gajeren kolom zai gama shi cikin 'yan mintuna. Amma ki tuna wanda zai sha shi yaro ne mai gudawa a Kurna ko Rijiyar Lemo, uwarsa ta dogara da abin da aka rubuta a leda. Sakamakon da ya fito da wuri amma ba daidai ba, gara a ce ba a yi ba.

To yaushe UHPLC take da amfani? Tun da Waters ta fito da ACQUITY a 2004, mai ƙwaya maikron 1.7 da matsi har wajen bar 1,000, ta canja aikin manyan ɗakunan gwaji, ba na musu. Idan samfuranku sun kai ɗari a rana, ko kuna shirin haɗa ta da na'urar auna nauyin sinadari, to ku saya, ku kuma sani fosfet ba ta shiga na'urar auna nauyin, sai asid ɗin fomik. Amma tana son wuta tsayayya, ruwa da sinadarai masu tsabta sosai, tacewa ba sassauci, da injiniya da kayan gyara waɗanda galibi sai an jira su daga Legas ko ƙetare. Ga samfur 24, idan zubi ya dawo minti 9 har da ɗiba, awa 3 da minti 36 ne. Ki fara da ƙarfe 9, kafin azahar kin gama har da sitanda.

Kada ki canja komai da komai rana ɗaya, don idan abu ya lalace ba za ki san mai laifi ba. Fara da katirij da yanke lokacin banza a kan tsohon kolom. Bayan nan bututu da saitin ditekta. Sannan sabon kolom a tsohon gudu, sannan ƙarin gudu, zafi a ƙarshe. A kowane mataki ki zuba sitanda sau 6, bambancin girman pik kada ya wuce kashi 2 cikin 100, ki rubuta Rs na biyun nan da matsin famfo a littafi. Idan kin tsaya a kan tsari, ki ɗauki samfur 10 na gaske, har da zoɓo mafi duhu da tsamiya mafi kauri, ki auna su da tsohon tsari da sabo a rana ɗaya ki kwatanta. Ki ƙara sanannen adadin asid a wasu ki ga ko za ki same shi, a mataki uku, sau uku-uku, sannan layin sitanda ya zama mai maki 5. Wannan takardar ce za ki kai wa manaja, ita kuma mai binciken ISO 17025, ƙa'idar ingancin ɗakunan gwaji, zai nema in ya zo.

Turo mini hoton takardun nan biyu da lambobin da kika kewaye, da sunan na'urar da girman ɗakin hasken ditektarta, wato gurbin da ruwa ke bi haske ya ratsa shi, sai in gaya miki tsakanin 150 da 100 wanne za ki yi oda. Ranar Juma'a kuma kafin ki tashi, ki kori fosfet ɗin da ruwa mai ɗan metanol na minti 20, sannan ki bar kolom cikin metanol mai yawa, ki toshe bakinsa biyu.